Na buga wasa a taro, har yau bai fito a shafina ba: tambayoyi da amsoshi kan rahoton Pathfinder Society

Duk shekara da zarar an watse daga Gen Con, babban taron wasannin tebur da ake yi a Indianapolis ta Amurka a farkon watan Agusta, koke iri ɗaya ne ke fitowa daga bakin 'yan wasan Pathfinder Society da Starfinder Society, wato tsare-tsaren wasannin labari na tebur na kamfanin Paizo. Wannan ya ce wasansa bai fito ba, wancan ya ce an ɗora masa wasan da bai buga ba, wata kuma ta ce makinta bai motsa ba. Haka ake fama bayan tarukan Origins da PaizoCon, har da ƙananan tarukan ƙarshen mako. Tambayoyin da suka fi yawan dawowa ne aka tattara a nan, tun daga na sabon shiga har zuwa na wanda ke zaune gaban kwamfuta da tulin takardu yana shigarwa. Dokokin tsarin kan sauya daga shekarar wasa zuwa wata, don haka duk inda adadi ya shafi jaruminka kai tsaye, ka gwada shi da abin da ke cikin kundin dokoki na yanzu.

Mene ne shigar da rahoton wasa, kuma don me ake yin sa?

Pathfinder wasan labari ne da ake yi a kan tebur. Mutum huɗu zuwa shida kan zauna, kowa da jaruminsa, jagoran wasa da ake ce wa GM yana warware labari, ɗan lido mai fuska 20 yana raba gardama. Kamfanin Paizo da ke Redmond a jihar Washington ta Amurka ne ya ƙaddamar da Pathfinder Society a Gen Con na 2008, sannan Starfinder Society, ta wasan Starfinder mai labarin sararin samaniya, ta biyo baya a 2017. Manufar ita ce jarumi ɗaya ya iya zama a tebur a Indianapolis yau, wata mai zuwa ya zauna a Birmingham ko a intanet, ba tare da wani ya yi shakkar matakinsa ko kayan da ke jakarsa ba.

Hakan ba ya yiwuwa sai da shaida, kuma shaidar kashi biyu ce. Akwai takardar Chronicle da jagora ke miƙa wa kowane ɗan wasa a ƙarshen zama. Akwai kuma rahoton da ake shigarwa a shafin Paizo: lambar taro, labarin da aka buga, kwanan wata, lambar jagora, lambar kowane ɗan wasa da ta jaruminsa, ɓangaren da ya yi wa aiki (wato ƙungiyar cikin labari da jarumin ke mara wa baya), makin ƙima da ya samu a wurin ɓangaren, da ko jarumin ya mutu. Wannan kashi na biyu ne ke makara, shi ne kuma ke zuwa da kuskure.

Wa ke shigar da rahoton? Ba ma'aikatan kamfanin ba ne?

Galibi ba su ba ne. Wanda ya buɗe taron a shafin Paizo shi ke da alhakin shigarwa, tare da duk wanda ya ba izinin taya shi. A wasan mako-mako na shagon unguwa, sau da yawa jagoran ne da kansa ke shigarwa kafin ya kwanta. A babban taro kuwa jagora kan kai takardar rajistar teburinsa wurin masu shirya taro, wato teburin da ake kira HQ, daga nan ta shiga layi tana jiran 'yan sa-kai. Mutanen nan ba albashi ake biyansu ba. Da yawansu su ma sun yi kwana huɗu suna jan wasa, ranar Litinin kuma ofis na jiransu.

Wani abu da ke ruɗa sababbi: tikitin da ka saya a shafin Gen Con, ko sunan da ka sa a shafin Warhorn don kama kujera, ba su da alaƙa da shafin Paizo. Karɓar tikitinka a bakin tebur ba ya nufin an san da kai a can. Sai wani ɗan Adam ya karanta rubutun hannunka ya buga shi.

To har yaushe zan jira kafin in fara damuwa?

Ya danganta da girman taron. Wasan shago kan fito cikin 'yan kwanaki. Ƙaramin taro na iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu. Manyan taruka kan ci makonni, wani lokaci a haura wata guda ana ta shigarwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa za ka ga wasanka na Alhamis ya fito, na Asabar bai fito ba, abokinka kuma nasa akasin haka. Ba wai an tsallake ka ba ne, takardun ne aka raba wa mutane daban-daban, kowa da saurin hannunsa.

Idan ka yi lissafi za ka sassauta. Gen Con ya tara sama da mutum 70,000 a 2023, kuma shekara da shekaru Paizo na cika babban zauren Sagamore da tebura. Mu ƙaddara tebur 100 ne ke aiki a kowane zango na wasa, kuma zango 10 aka yi daga Alhamis zuwa Lahadi. Takarda 1,000 ke nan. Kowace na ɗauke da lambobin mutum shida da na jagora, layi 7,000. Ko da minti uku kacal kowace takarda za ta ci, aikin awa 50 ne, kuma wannan idan babu wadda sai an kanne ido ana hasashen abin da aka rubuta.

A ganina, ƙaramin taro a ba shi mako biyu, babba a ba shi wata guda, sai dai in masu shiryawa sun sanar da ranar da za su kammala. Amma wannan haƙurin na wasan da bai fito ba ne. Wasan da ya fito da kuskure ba a jira da shi, domin tun takardun na hannun masu shigarwa gyaran ya fi sauƙi. Duba amsar da ke kan wanda za ka fara tuntuɓa.

Zan iya ci gaba da wasa da jarumina alhali ba a shigar da rahoton ba?

Ƙwarai kuwa. Takardar Chronicle da ke hannunka ita ce hujjar abin da jaruminka ya samu: makin gogewa da ake kira XP, zinariya, da kayan da aka buɗe masa. Kamar wanda ya tura kuɗi ne alat bai shigo ba amma rasit na aljihunsa. A bugu na biyu na Pathfinder, cikakken labari kan ba da XP 4, kuma XP 12 ke kai jarumi mataki na gaba. Idan ka buga labari uku a taro, ka ɗaga jaruminka mataki ka je wasan mako mai zuwa da takardunka. Babu jagoran da zai ce sai ya ga shafinka tukuna.

Idan takarda ta wadatar, me ya sa mutane ke ta da jijiyar wuya a kan rahoton?

Domin amsar nan ta “ai takardarka ta isa” ta fi dacewa da zamanin da. A bugu na farko, garaɓasar da ake kira boon takarda ce ake miƙa maka hannu da hannu a taro. Rahoton intanet bai wuce ajiya ba idan takardunka sun ɓace, sai kuma ƙirga wa jagorori teburansu. Da aka fito da bugu na biyu a Agustan 2019, sai aka kawo makin lada da ake kira AcP (Achievement Points), kuma wannan makin ba ya zuwa ta takarda. Sai an shigar da zama yake faɗowa asusunka. Da shi ake sayen izinin yin jarumi daga tsatson da ba kowa ake bari ba, da shi ake sauya ginin jarumi, har da dawo da wanda ya mutu. Waɗansu garaɓasar da labari ke buɗewa su ma ba sa bayyana a shafinka sai zaman ya shiga, haka kuma na ɓangarori da ke buƙatar ka kai wani adadi na makin ƙima.

A tsarin da aka faro da shi, cikakken labari a wasan yau da kullum na ba ɗan wasa AcP 4, jagora 8. A taron da ke da matsayin Premier ya zama 5 da 10, a Premier Plus kuma 6 da 12. To ka ga inda gizo ke saƙar: tarukan da suka fi ba da maki su ne suka fi tara takardu, su ne kuma suka fi jinkiri. Wanda ya yi tafiya mai nisa, ya biya otal, ya zauna zango bakwai ko takwas da niyyar tara makin da zai buɗe sabon jarumi, ba laifinsa ba ne idan ya ƙosa. Bai kamata a riƙa rufe masa baki da cewa 'yan sa-kai ne ba. Gaskiya ne 'yan sa-kai ne, amma tsarin da ya ɗaure lada da rahoto, sannan ya bar rahoton a kan fensir da takarda, shi ya haifar da matsin, ba ɗan wasa ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne idan jaruminka ya mutu a taro kana kuma dogaro da makin da bai shigo ba don dawo da shi. Kada ka tashi daga teburin sai kun daidaita da jagora, an kira wani daga HQ in da hali, an kuma rubuta abin da aka yanke a jikin takardarka.

Waɗanne kurakurai ne suka fi yawa, kuma daga ina suke tasowa?

Mafi yawansu a kan tebur ake haifarsu, ba a gaban kwamfuta ba. Takardar rajista kan zagaya ne daidai lokacin da kowa ke fito da kayansa, zauren na amo, wani ya ɗora ta a gwiwa ya rubuta lambarsa da fensir maras kaifi, wani ya ɗora mata kofin shayi. Bayan mako uku sai ta isa hannun wanda bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Huɗu ta yi kama da tara, sifiri ya yi kama da shida. Yadda Turawan nahiyar Turai ke rubuta 1 da doguwar ƙugiya, Ba'amurke na iya karanta shi 7. Wani kuma da ka yake rubuta lambarsa, sai ya juya lambobi biyu na tsakiya, zaman ya tafi asusun baƙon da ke wata ƙasa.

Na biyu a yawa shi ne lambar jarumi, wato abin da ke bin lambarka bayan ɗan layi. Jaruman bugu na farko na Pathfinder suna farawa daga 1, na bugun farko na Starfinder daga 701, na bugu na biyu na Pathfinder daga 2001. Ɗan wasa sai ya rubuta 2 kawai yana nufin jaruminsa na biyu, wato 2002. Mai shigarwa na iya ganewa, yana iya kuma ƙin ganewa. Wanda ke da jarumai goma sha biyu kuwa, sau da yawa shi da kansa ne ke ruɗewa tsakanin 2007 da 2008.

Sauran sun haɗa da barin gurbin ɓangare ba a cike ba, mantawa da alamar tafiyar sannu ga wanda ya zaɓi rabin lada domin jaruminsa ya daɗe a mataki ɗaya, da shigar da takarda ɗaya sau biyu. Akwai kuma wanda ya keɓanta da taruka: tebur bai cika ba, aka haɗe mutanensa da wani, ko aka sauya labari a minti na ƙarshe, amma takardar da aka riga aka buga tana ɗauke da sunan tsohon labarin. Sai kuma takardar da ba ta taɓa isa HQ ba, tana can cikin jakar jagora tsakanin taswirori.

Me zan yi kafin in tashi daga tebur don kauce wa duk wannan?

Kada ka rubuta lambarka da ka. Ka duba ta a waya ko a katinka, ka rubuta da biro, manya-manya, tare da cikakkiyar lambar jarumi da sunansa. Sunan na da amfani ƙwarai: idan mai shigarwa ya buga lamba sai wani suna daban ya fito, nan take zai gane akwai matsala. Waɗansu tsofaffin hannu kan zo da 'yan sitika da aka buga lambarsu a jiki, su manna kawai.

Da jagora ya miƙo maka Chronicle, ka duba abu huɗu a ƙasanta: sunan taro, lambar taro, kwanan wata, da lambar jagoran. In ɗaya babu, ka mayar masa ya cike, ko da ana ta kiran zango na gaba. Sannan ka ɗauki hoton takardar kafin ta shiga jaka. Duk wani gyara da za a yi nan gaba a kan waɗannan huɗun yake tsayawa.

Wa zan fara tuntuɓa idan na ga kuskure?

Ka fara daga ƙasa. Idan kana da hanyar samun jagoran teburin, shi ne na farko, domin shi ya fi tuna wanda ya zauna a ina. Bayansa sai mai shirya taron, wanda ke da ikon buɗe zaman ya gyara lamba cikin ɗan lokaci. Manyan taruka kan sanar da hanyar da suke so a kawo musu ƙorafin rahoto, kuma bin wannan hanyar ya fi aika wa mutum biyar saƙo lokaci guda.

Idan shiru ya yi yawa, sai ka nemi jami'in sa-kai na yankinka. Matakansu huɗu ne: Venture-Agent mai kula da wuri ɗaya kamar shago, Venture-Lieutenant, Venture-Captain, sai Regional Venture-Coordinator mai kula da babban yanki. Wanda ka samu zai gyara in yana da iko, ko ya kai wa mai ikon. Akwai su ma waɗanda aikinsu wasannin intanet ne. Ma'aikatan Paizo su ne matakin ƙarshe, kuma adireshin da ake tura musu irin wannan yana cikin kundin dokoki. Tsallakawa kai tsaye wurinsu bai cika kawo sauri ba, domin takardar asali ba ta hannunsu, su ma sai sun koma ga mai shirya taron.

Me zan rubuta a cikin saƙon?

Abin da zai sa mutum ya gyara ba tare da ya sake tambayarka komai ba: lambar taro, rana da zango, lamba da sunan labarin, lambar jagora, lambarka da ta jarumi, abin da shafin ke nunawa yanzu, da abin da ya kamata ya nuna. Ka haɗa da hoton Chronicle. Idan zama uku ne ke da matsala, ka jero su a saƙo ɗaya. “Wasana na Asabar bai fito ba” ba ya taimakon wanda ke da ɗaruruwan takardun Asabar a gabansa. Kuma in hoton takardar rajista ne mai ɗauke da lambobin wasu, a saƙon sirri za ka tura shi, ba a dandalin da kowa ke gani ba.

Na ga wasan da ban buga ba a shafina. In yi shiru in ci makin?

Kar ka yi. Na farko, akwai wani a can yana ta duba shafinsa yana jiran wannan zaman. Na biyu, kai ma zai cije ka. Yawancin labarai sau ɗaya ake cin ladansu, don haka ranar da ka buga labarin da gaske, shafin zai ce ka riga ka buga. Idan kuma mai zaman ya kai ƙara aka gyara, makin zai koma inda ya fito, ko ka kashe ko ba ka kashe ba. Mafi muni shi ne idan jarumin wancan ya mutu a zaman: alamar mutuwar a kan naka za ta sauka. Lambar taron na nan a jikin zaman da ke shafinka, da ita za ka nemo mai shiryawa ka ce masa ba kai ba ne.

Zaman ya fito, amma an rubuta wai na riga na buga labarin, kuma babu maki. Me ya faru?

Ƙa'idar ita ce labari ɗaya ka ci ladansa sau ɗaya a matsayin ɗan wasa, sau ɗaya kuma a matsayin jagora, sai dai labaran da ke da alamar Repeatable, waɗanda ake iya maimaitawa da jarumi daban. Idan shafin ya ga lambarka sau biyu a kan labarin da ba na maimaitawa ba, yana karɓar zaman amma ya hana lada. Ka duba zaman farko da yake nufi. In rana ɗaya ce da taro ɗaya, takardar ce aka shigar sau biyu, sai a goge ɗaya. In wani taro ne da ba ka taɓa zuwa ba, amsar da ke sama ce ta shafe ka. In kuma labarin na maimaitawa ne, mai yiwuwa an ɗora shi a kan jarumin da ya taɓa buga shi, sai a mayar da shi kan wanda ya dace.

Ni sabo ne, a taron aka ba ni kati mai lamba. Na buɗe asusu amma ban ga komai ba.

Wannan kuskure ne da ke kama sababbi da yawa. Katin da aka ba ka na ɗauke da lamba da kuma lambar tabbatarwa. Idan ka koma gida ka buɗe asusu ka nemi sabuwar lamba maimakon ka shigar da ta katin, ka zama mai lamba biyu ke nan, kuma wasanninka na kan wadda ba ka karɓa ba. In har ba ka riga ka karɓi sabuwa ba, yi rajista da ta katin. In ka riga ka karɓa, ka tura wa mai shirya taron lambobin biyu ka roƙi a mayar da zaman kan wadda ke asusunka.

Haka nan idan da jarumin aro ka buga, irin su Valeros, Kyra, Ezren ko Merisiel, ladan ba nasu ba ne, na wata lambar jaruminka ce, galibi 2001 ga sabon shiga. Ka buɗe jarumi mai wannan lambar a shafinka domin zaman ya sami wurin zama. Sunan da za ka ba shi kana iya sauyawa daga baya.

Ni jagora ne, teburana ba su ƙaru ba. Ya zan yi?

Kai ne jinkirin ya fi taɓawa, domin darajar jagora da rahoto kaɗai ake ƙirga ta. Taurari a bugu na farko, alamomin glyph a bugu na biyu, nova a Starfinder, duk a tebur 10, 30, 60, 100 da 150 ake hawa matakansu. Mataki na biyar yana da ƙarin sharuɗɗa: yawan labarai mabambanta, yawan manyan labaran Special da ake bugawa da tebura da yawa lokaci guda, da kuma tantancewar manyan jami'an sa-kai. Su Special ɗin nan a taruka aka fi samun su, don haka ɓacewar takarda ɗaya na iya zama jiran wani taron.

Ka riƙe ɗan littafi ko jadawali naka: rana, lambar taro, labari. Ka ɗauki hoton kowace takardar rajista kafin ka miƙa, ka kuma karanta ta da idonka tun 'yan wasan na zaune, duk lambar da ba ka iya karantawa ba to mai shigarwa ma ba zai iya ba. Kar ka manta da layinka. Jagorori da yawa kan tsaya kan lambobin kowa su bar gurbin jarumin da suke so a ɗora wa nasu ladan.

Tunda ina da hoton takardar, me zai hana in buɗe nawa taron in shigar da kaina?

Abu uku. Ranar da masu taron suka iso kan takardarka, zaman zai zama biyu, duk mutanen teburin su ga saƙon nan na “ka riga ka buga”. Makin AcP zai fito a farashin wasan yau da kullum maimakon na babban taro. Lambar taron da ke shafin kuma za ta saɓa wa wadda ke jikin Chronicle ɗin kowa. In kana da lokaci da niyya, ka ce wa mai shiryawa ya ba ka izinin shigarwa a ƙarƙashin lambar taron. Da wuya ya ƙi.

Mene ne akwatunan A, B, C da D da ke kan takardar?

A ƙarshen labarai da yawa akan umarci jagora ya yi alama a akwati kaza idan 'yan wasa sun yanke shawara kaza, misali sun saki fursuna ko sun miƙa shi. Marubutan Paizo kan duba abin da mafi yawan tebura suka zaɓa wajen tsara ci gaban labarin. Kuskure a nan ba ya taɓa jaruminka, amma teburin da ba a shigar ba, ko aka bar akwatunansa wayam, ƙuri'arsa ta faɗi.

Takardata ta ɓace, rahoton ma bai fito ba. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, amma sai ka yi ɗan kai-komo. Jagoran na iya sake cike maka wata idan ya tuna ka. Tikitinka na taron, sunanka a Warhorn, da Chronicle ɗin wani da kuka zauna tare duk suna nuna cewa an yi zaman kuma kana wurin. Ka tattara su ka kai wa jami'in sa-kai kamar yadda aka bayyana a amsar wanda za a fara tuntuɓa. Idan kuwa takardar ce kawai ta ɓace amma zaman na shafinka, abin ya zo da sauƙi, daga rahoton za a sake fitar maka da ita.

Tarukan intanet fa, su ma haka suke?

Da sauƙi, amma ba su kuɓuta ba. Tun 2020 da annoba ta mayar da PaizoCon da Gen Con intanet, jagorori da yawa suka koma amfani da fom irin na RPG Chronicles, inda ɗan wasa ke buga lambarsa da kansa. Matsalar rubutun hannu ta kau, ta yatsa ta rage: wanda ya kwafo lambar jarumin da ya buga jiya zai aika ta haka nan. Kuma cike fom ɗin ba shi ne shigar da rahoto ba, har yanzu sai wani ya kai bayanan shafin Paizo.

Ga mai shiga daga Kano ko Yamai akwai ɗan abin lura. A watan Agusta agogonmu na gaban na Indianapolis da awa biyar, don haka wasan ƙarfe 8 na daren Juma'a a can, ƙarfe 1 na daren da zai waye Asabar ne a nan. Idan ka ga kwanan watan ya bambanta da naka da rana ɗaya, ba kuskure ba ne, kuma wajen kai ƙorafi ranar da ke jikin Chronicle za ka ambata.

Ina shirya ƙaramin taro. Ta yaya zan hana takardu taruwa a kaina?

Ka fara shigarwa tun taron na gudana. Mutum ɗaya da kwamfuta a HQ, yana shigar da takardun zangon safe yayin da ake buga na rana, ya fi mutum biyar bayan mako biyu, saboda duk lambar da ta ƙi karantuwa mai ita na cikin zauren, ana iya zuwa a tambaye shi. Ka buga lambar taro a jikin takardun tun kafin ranar. Ka sa wa kowace lambar tebur da zango, ka riƙe jerin waɗanda suka dawo, domin ka san wadda ta ɓace kafin jagoranta ya hau mota. Wadda aka shigar a ja mata layi da jan biro, a ajiye ta gefe, kar a zubar. Sannan ka faɗa wa mutane ranar da kake sa ran gamawa da inda za su kawo gyara. Rabin saƙonnin fushi daga rashin sanin ranar suke fitowa.

Sauran tsare-tsaren wasa ma na da wannan matsalar?

Ba duka ba. Adventurers League na wasan Dungeons & Dragons, wanda aka fara a 2014, ya dogara ne da takardar lissafin da ɗan wasa ke riƙe wa kansa, don haka babu jiran kowa bayan taro. Amma wanda nasa ya ɓace babu wata ajiya ta tsakiya da zai koma wa.

Shekara ta wuce da taron, yanzu na lura. Lokaci ya ƙure?

Shafin na karɓar zama da tsohon kwanan wata, kuma ana iya gyara tsohon rahoto. Wahalar ita ce samun mutanen: mai shiryawa ya iya sauka daga aikin, takardun asali sun iya shiga kwandon shara. A irin wannan hali kai tsaye wurin Venture-Captain na yankin da aka yi taron za ka nufa, da hoton Chronicle mai ɗauke da lambar taro da ta jagora. In kuma zaman da yawa ne, ka fara da waɗanda ke hana ka wani abu yanzu, kamar alamar mutuwa ko labarin da kake shirin bugawa.